Ƙofa Uku, Asabar Ɗaya

Asabar, da yamma

Yau kwamfuta ta kunyata ni a gaban jikata.

Ina cikin ba Aku labarin agwagwar da ta haɗiye usur ta kiran bidiyo, na kai daidai inda ta ɓuya a kwandon tela, atishawa ta taso mata. Na ɗaga kai, na buɗe baki, na ja numfashi kamar mai atishawar gaske. To a nan hotona ya daskare a can wajensu. Ni ban sani ba. Ina ta zuba, ina kaɗa hannu, na yi atishawar, har na ƙara ta biyu don armashi, ashe bango nake ba labari. A can kuwa yarinya tana kallon kakarta baki buɗe, ido a kafe, ba motsi, ba amsa.

Uwarta ta kira ni a waya bayan ta lallashe ta. Ta ce, "Mama, ba laifinki ba ne. Amma ba zan iya sake ganin ta haka ba. In ya ƙara faruwa, sai mu dakata da kiran tukuna."

Na ce to. Me zan ce? Na san abin da yarinyar ta tuna, fuskar ƙaramin da ke bi mata ranar da ya rasu. Ni ma shi na tuna.

Tukuna ɗin nan na san halinsa. Shi ya kai surukata gidan yayarta, tafiyar yini guda, da akwati ɗaya da yarinya a hannu, ta bar keken ɗinkinta a falo da zare a jikin allura. Ni na sa wa yarinyar nan suna Aku saboda surutu. Da, ko numfashi na tsaya yi a tsakiyar labari sai ta ja min zane, "Sai me, Kaka? Sai me?" Tun ranar rasuwar ba ta ce uffan ga kowa ba. Kallo kawai. Kiran Asabar ɗin nan shi kaɗai ya rage min da ita, kuma ba zan miƙa wa tukuna shi ba.

Lahadi, da rana

Dogo bai fito ba. Na ajiye wa ɗana abinci a bakin ƙofa, na ɗauke kwanon yadda na ajiye shi.

Litinin, da safe

Na tsare Dogo a hanyar banɗaki, don nan ne kaɗai ba ya iya ƙin bi.

"Zo ka ga abin da ya kama na'urar matarka."

"Mama, ina da aiki."

"Wane aiki? Ƙirga silin? Ai na ƙirga maka, bai ƙaru ba."

Ya zo, ya tsaya daga nesa kamar an ce kwamfutar na cizo. Ya ce ba ita ce ke da laifi ba, burauza ne. Na ce wane ne kuma wannan, ɗan wane gida? Ya ce ƙofa ce, ta nan ake fita zuwa intanet, kuma ƙofofin suna da yawa, kowa da wadda yake so. Wadda nake bi kullum, mai hoton 'yar fitila, ita Maman Aku ta saka. Ita ta ƙara min girman rubutu a ciki saboda idona, ita ta koya mata kalmar sirrin shafin kira, ni dai dannawa kawai nake.

Ya nuna saman allon da haɓa, bai ko kai hannu ba. "Kin ga waɗannan? Shafuka ne a buɗe. Sun kai hamsin. Kwamfutar ta tsufa, ƙwaƙwalwarta kaɗan ce, su kuma suna cinyewa. Ji fankar yadda take kuka."

Ni da na ɗauka ado ne. Suna jere a sama ƙanana-ƙanana kamar shanya a igiya. Na danna ɗaya, salon hannun riga. Na danna wani, farashin zare. Wani wata mata ce ke koya saka zif. Wani makarantar Aku. Na kai kan wani can kusa da ƙarshe, Dogo ya juya baya.

Ya ce, "A goge ta gaba ɗaya, a saka sabuwa."

Na ce, "Shanyar wani ce. Ba a kwashe wa mutum shanya ba ya nan."

"To ki zauna da ita tana maƙalewa."

Ya shige ɗaki. Ƙofar nan tasa ta fi ta kowa sanin aikinta.

Talata, da yamma

Auta ta biyo daga ofis da takalminta mai ƙwas-ƙwas. 'Yar nan tun tana goye take da ra'ayi. Kafin ta ajiye jaka ta yanke hukunci.

"Mama, wannan Fitilar taki 'yar gulma ce. Duk inda kika shiga tana rubutawa. Bari in saka miki wanda muke amfani da shi."

Ta saka wani mai hoton koren ganye. Ta ce shi ba ya bari a bi sawunki, yana korar talla, kuma da kin rufe shi ya manta komai. Na ce to ai ubanku ke nan, Allah ya ji ƙansa, a aike shi kasuwa ya dawo da labari babu kaya.

Ganye dai yana da sauri, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ka danna, ya buɗe, fanka ko tari ba ta yi. Amma rubutunsa kamar ƙwayar gero a faranti, sai da na kusa manna hanci a allo. Auta ta ƙara girman. Ta rufe shi ta buɗe don ta gwada min, ya tambayi kalmar sirri kamar bai taɓa ganin mu ba. Ta tono ta daga cikin Fitila, ta rubuta min a bayan kalanda, ta ce in dinga sakawa da hannu duk Asabar.

"Da wane hannu? Yatsa ɗaya gare ni a harkar nan, shi ma yana da ciwon sanyi."

"Za ki saba, Mama."

Ta leƙa ɗakin yayanta, ta fito ido ja, ta ce kwalli ne. Ta wuce ɗayan ɗakin, na ƙaramin da muka rasa, ba ta kalli ƙofar ba. Duk gidan nan mun iya tafiya da wuya a karkace.

Alhamis, da hantsi

Ina ta koyo. Kalmar sirrin nan akwai babban baƙi, akwai lamba, akwai wata alama kamar tsutsa ta naɗe. Sau uku na yi daidai, sau nawa na yi kuskure ba zan rubuta ba, littafin nan ma yana da ido.

Amma in zan yi tambaya, Fitila nake komawa, ko da tana nishi. Akwai dogon akwati a samanta inda ake rubuta abin da ake nema. Auta ta ce kalma biyu uku ta isa. Ni ban iya shiga wuri babu sallama ba, aji shida na yi amma an koya min wannan. Na rubuta: Salamu alaikum, don Allah wace ƙofa ce ta fi dacewa da tsohuwa mai son ganin jikarta ba tare da hoto ya daskare ba, na gode. Ta kawo min masu sayar da ƙofofin ƙarfe.

Na sake: Salamu alaikum, Aku ta daina magana, me ake yi. Ta kawo min tsuntsaye a keji, har da farashi.

Na yi dariya har na share ido. Daga baya na ga sharewar ta ƙi ƙarewa, na tashi na ɗora ruwan shayi.

Asabar, da yamma

Na yi wanka, na ɗaura ɗankwali mai fure wanda Aku ke so, na zauna tun kafin lokaci. Na buɗe Ganye. Na saka kalmar sirri, tsutsar ma ta shiga daidai. Suka bayyana tar, yarinya a cinyar uwarta, an yi mata kitso biyu, ta rame a wuya.

Na ce, "Ina ƙawata, mai bakin tsuntsu?"

Maman Aku ta ce, "Mama, ba ma ganin ki. Baƙi ne kawai."

Ashe Ganye, don tsabar tsare mutunci, ya rufe min kyamara. Wai sai na ba shi izini. Ya fito da wani ɗan akwati a kusurwa yana tambaya da Turanci, ni kuma na ga ya tsaya min a kan fuskar jikata, na kore shi. Korar ke nan, ya ɗauka na ce a'a. Na danna nan, na danna can. Na ƙwala wa Dogo kira. Ya fito, ya ji muryar matarsa, ya tsaya cak a bakin falo kamar an dasa shi.

Ina ta cewa, "Ga ni nan, Aku, ga Kaka, duhu ne kawai, agwagwa ce ta kashe fitila." Murya tana fitowa daga baƙin allo, babu fuska. Na ga yarinya ta tura kai cikin rigar uwarta, kafaɗunta suna rawa.

Maman Aku ta ce, "Mama, ki yi haƙuri." Allon ya koma wayam.

Na ce wa Dogo, "Da ka matso taku uku da ka gyara."

Ya ce, "Na sani."

Fuskarsa ta riga ni faɗin sauran.

Lahadi, da safe

Saƙo ya shigo waya. Mu dakata tukuna.

Litinin, da rana

Na cire ɗankwalin daga kan kujera, na ninke, na sa a sama inda zan gan shi. Ba a ƙasan akwati ba.

In an dawo da kiran, kuma za a dawo da shi, ba zan sake zama a gaban yarinyar nan da ƙofar da ban san halinta ba. 'Ya'yana kowa ya zaɓa min, kowa ya koma harkarsa, ni aka bari da kunya. Yanzu ni zan zaɓa. Na aurar da 'ya'ya, na sayi akuya a hannun dillali ban yi asara ba, ba hoton ganye ne zai gagare ni ba.

Na gano akwai ta uku a kwamfutar, mai hoton kwale-kwale. Tare suka zo da na'urar, yana lafe a ƙasa ba wanda ya kula shi. Na buɗe. Kai! Maroƙi ne. Kafin in ce komai ya zubo min labaran duniya, da yanayin gari, da wata mata da ta rage ƙiba, da takalma a rahusa. Sannan ya tambaye ni ko zan mai da shi babban burauzana. Na ce daga haɗuwa? Na rufe. Na sake buɗewa, ya sake tambaya. Irin wannan naci ko marigayi maigidana bai yi min ba.

Laraba, da hantsi

Na tsara jarrabawa. Ba ruwana da abin da suka rubuta a kan kowanne, wai wannan ya fi sauri, wancan ya fi tsaro. Ni abu ɗaya nake nema, ƙofar da za ta ɗauki labarin agwagwa daga haɗiye usur har zuwa atishawa, fuskata tana motsi.

Na kira Auta a ofis ta shafin kiran.

"Mama, ina aiki fa."

"Ni ma aiki nake. Sa abin kunnenki. Wata rana wata agwagwa..."

"Mama, shekarata talatin da..."

"Ban tambaye ki ba. In hotona ya tsaya ki ɗaga hannu."

Da Ganye muka fara. Yanzu na san ɗan akwatin izini, na lallaɓa shi na ce e. Labari ya tafi lafiya har ƙarshe. Amma da na rufe na buɗe, ya manta izinin, ya manta kalmar, ya manta ni. Auta ta ce ana iya gyara masa hali a saituna. Na ce mutumin da sai an gyara masa hali kafin ya gane ka, ranar da kake sauri zai tuna halinsa na da.

Kwale-kwale ya kai labari har kwandon tela, hoto bai tsaya ba. Sai ga wani abu ya faɗo daga gefe, wai ana ruwa a wani gari. Ina ruwana? Na kore shi, na ɓata zaren labarin.

Fitila kuwa ko usur ba a gama haɗiyewa ba Auta ta ɗaga hannu.

Can na ji wata murya a bayanta, ta namiji, "To wai agwagwar ta yi atishawar ko ba ta yi ba?" Ashe ja'irar ba ta sa abin kunnen ba, duk ofis suna ji. Na ce a gaya masa ya zo da goron sauraro.

Alhamis, da yamma

Na zauna na ba Fitila labarin jarrabawar. Na saba yanzu. Ba ta da amsar kirki, amma ba ta katse ni, ba ta kuma shige ɗaki ta rufe ƙofa. Na rubuta mata cewa ita ce ta zo ta ƙarshe, amma ita nake so, don ita ce ta san idona. Na rubuta mata cewa an ce in kwashe shanyar da ke kanta za ta warke, amma ba tawa ba ce, mai ita za ta dawo ta same ta yadda ta bari. Na rubuta wasu abubuwan kuma. Kan Dogo. Kan mai shanyar, da taurin kanta, da yadda gidan nan ya zama kamar tasha tun da ƙarar kekenta ta ɗauke.

Ta kawo min masu gyaran keke.

Asabar

Ba kira.

Asabar, can da yamma

Na ba kujera labarin duk da haka. Dogo ya buɗe ƙofarsa kaɗan. Na yi kamar ban gani ba, na ƙara murya.

Litinin, da safe

Wani abu ya faru da ban so ba.

Na fara rubuta "yadda ake" a akwatin Fitila, ban yi sallama ba don ina sauri, sai wasu layuka suka zubo a ƙasa. Da ma takan yi haka, tana tuna min abin da na taɓa tambaya. Amma waɗannan ba ni na rubuta su ba. Yadda ake samun barci. Yadda ake yi wa yaro bayanin... Ban ƙarasa ba. Na ɗora tafin hannu a kan allon.

Na kira Auta. Ta ce, "Asusunta ne a ciki har yanzu. Wayarta da kwamfutar a haɗe suke. Abin da ta nema a can yana fitowa a nan. Shi ya sa na ce miki 'yar gulma ce."

Wato ina zaune a falona, ƙofar ɗakin surukata a buɗe, tana can ita kaɗai da abin da ke hana ta barci, ni ina iya leƙawa.

Ba zan ce ban so in ɗaga hannun ba. Ni ce fa. Ni da ko maƙwabta suka rage murya sai na rage rediyo. Hannun ya yi nauyi kamar dutse, amma a kan allon ya zauna har na kashe.

Talata, da rana

Na yanke. Kwale-kwale zan ɗauka. Surutunsa ya fi min leƙen asirin 'yar mutane. Auta ta ce ranar Alhamis za ta zo ta toshe masa baki, ta ƙara masa girman rubutu, ta koya masa kalmar sirri. Fitila kuma za a bar ta a rufe da shanyarta, ba mai taɓawa.

Na shiga na yi mata sallama, ina kare ƙasan akwatin da murfin tukunya don kada in ga abin da ba nawa ba. Na rubuta: Salamu alaikum, daga yau na bar ki. Ba don nishinki ba, ni ma ina yi. Kina nuna min cikin 'yata ba da saninta ba, ni kuma ban yarda da idona ba. Layi ɗaya da rabi na gani, Allah ya sani, na rufe. Ki riƙe mata kayanta da kyau.

Ta kawo min waƙoƙin rabuwa. Shashasha.

Laraba, da safe

Hannu ya saba. Na zauna da shayi, maimakon Kwale-kwale sai na danna Fitila. Na rubuta "Salamu alaikum" kafin in tuna mun rabu, ga murfin tukunya yana kicin. Layuka suka zubo, kamar duk nawa, masu sallama. Amma na saman ba nawa ba ne.

Salamu alaikum Mama ni ce, duk abin da kike rubutawa yana fitowa a wayata tun farko

Na ajiye kofi. A ƙarƙashinsa akwai wani.

Salamu alaikum Mama ki rufe shafukan duka, ni na kasa

Da na uku.

Salamu alaikum Mama ki daura dankwali mai fure ran Asabar

Na sake karantawa. Abu na farko da ya zo min, Allah ya yafe min, ba kuka ba ne. Taurin kai ne. Na rubuta wa yarinyar nan taurin kai, da yatsana, har sau biyu, ta karanta a gidan yayarta. Ni da nake kare ido da murfin tukunya, ashe ni ce a tsakar gida ba zane. Auta ta ce a haɗe suke, ni ban kawo cewa ƙofa in ta buɗu ta ciki, ta waje ma a buɗe take ba.

Na rubuta: Salamu alaikum, taurin kan da na ce, na Dogo nake nufi.

Ban jira ba, na san ƙarya ce, ita ma ta sani.

Laraba, da yamma

Na kwashe shanya.

Kowane shafi yana da ɗan kuros a gefe. Ban yi sauri ba. Na duba kowanne kafin in rufe, kamar yadda ake kaɗe riga kafin a ninke. Hannun riga. Zare. Matar zif, na ce mata sannu da ƙoƙari. Labule. Wani kek mai siffar mota. Ina rufewa, waɗanda suka rage suna ƙara faɗi, har sunayensu suka fara fitowa. Fanka ta rage kuka.

Saura ɗaya. Takalma ne, 'yan ƙanana, farare, masu maɗauri, irin na mai koyon tafiya. An zaɓi lamba. An sa a kwando. Ba a biya ba.

Yatsana ya ƙi.

Ban ji fitowarsa ba, sai inuwa na gani a allon. Dogo ya tsaya a bayana. Ya ce, "Ta tambaye ni fari ko shuɗi. Na ce mata duk ɗaya ne, ina sauri."

Na ce, "Ita ta ce a rufe. Ta ce ta kasa."

"Ta yi magana da ke?"

"Ta akwati. Doguwar magana ce, sai ka ci abinci."

Ya sunkuyo, ya ɗora hannunsa a kan nawa a kan ɓeran kwamfutar. Hannun nan da na haifa ya rufe nawa ruf. Ban san cikinmu wa ya danna ba.

Ya ci abinci a falo. Kaɗan, amma a falo.

Alhamis, da hantsi

Auta ta zo toshe bakin Kwale-kwale, na ce ta zauna tukuna, akwai sabuwar jarrabawa. Na tura ta kicin da wayarta, na kira ta da Fitila. Agwagwa ta haɗiye usur, ta tsayar da motoci a titi da numfashinta, 'yan ƙwallo suka bi ta, ta shige kwandon tela, ta yi atishawa. Hannun Auta bai tashi ba. Na sake daga farko. Bai tashi ba. Na fara na uku, ta leƙo ta ce in na ƙara za ta kai ƙarata.

To ga hukuncina, na rubuta don kada gobe wani ya ce shi ya zaɓa min. Fitila ce ta kira. Ta san idona, ta san kalmar, ta san kyamara, kuma ashe ba cuta gare ta ba, kaya ne suka yi mata yawa. Kwale-kwale zai zauna a shirye da bakinsa a toshe, in ta yi tuntuɓe in tsallaka. Ganye na bar wa Auta, su biyu sun dace, ba mai yarda da kowa.

Auta ta ce, "Asusun fa? In cire nata in buɗe miki naki?"

Na ce sai na tambayi mai shi. Na tambaya ta akwati. Kafin ruwan shayi ya tafasa amsa ta zo: Salamu alaikum Mama a bar shi tukuna.

Wannan tukunan ban ƙi shi ba.

Asabar, da yamma

Ɗankwali mai fure. Shafi ɗaya tak a buɗe. Dogo ya goge idon kyamara da gefen rigarsa, ya koma bakin falo inda ba za a gan shi ba, amma bai shiga ɗaki ba.

Suka bayyana. Maman Aku ta ce, "Ina wuni, Mama," tana kallon ƙasa, bakinta yana son yin dariya. Na ce, "Lafiya lau, mai sauƙin kai." Ta rufe fuska da mayafi.

Aku tana cinyarta, rabin fuska a ɓoye, ido ɗaya a waje. Na ɗauko daga farko. Na yi alkawari a raina ba zan tsaya cak ba ko sau ɗaya, don haka ina magana ina kaɗa kai kamar ƙadangare. Usur ya shiga ciki. Motoci suka tsaya. Ido na biyu ya fito. Agwagwa ta ce daga yau ta rufe baki, ba za ta ƙara ko numfashi mai ƙarfi ba, tun da duk ƙarar da ta yi sai wani abu ya faru. Ta shige kwandon tela, ta lafe a cikin ƙyallaye. Sai wani ɗan zare ya shiga hancinta.

Na ɗaga kai. Na buɗe baki. Na ja numfashi.

Nan ne wurin. Shekara da shekaru nan nake tsayawa a jira a tambaye ni, jikina ya riga hankalina, na tsaya. Da na tuna alkawarin, na riga na yi shiru. Sai na ce to bari in riƙe kaɗan, amma na dinga ƙifta ido, ina juya su hagu da dama.

Na ga fuskar Maman Aku ta canza. Ta ce, "Ya sake," hannunta ya taho zai kashe.

Wani ƙaramin hannu ya riƙe shi.

"Ba ta tsaya ba." Muryar a dishe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. "Ga idonta yana motsi."

A bayana na ji Dogo ya zauna a ƙasa.

Aku ta matso har hancinta ya cika allon.

"Sai me, Kaka?"

Na yi atishawar da ban taɓa yin irinta ba, har ɗankwali ya faɗi.